Kirarin da Ya Shiga Faifai

Ranar Talata da hantsi Mai Moussa yana tsaye a ƙofar wani shagon wayoyi a unguwar Barbès cikin Paris, jirgin metro na wucewa ta saman kansa, muryarsa kuma tana fita daga lasifikar shagon. Mako shida ke nan kullum sai ya taso daga Stains, can bayan gari, ya zo ya yi wannan tsayuwar. Duk wanda ya ɗan dakata don jin kiɗan, sai ya taɓa kafaɗarsa ya nuna ƙirji: ni ne nan, ni ake ji. Karim mai shagon ba ya jin Hausa ko ta sannu, amma ya lura tsohon yana tara masa mutane, don haka da ya hango jar hularsa sai ya sa waƙar.

Tsoho ne mai shekara saba'in da ɗoriya, bai taɓa zama a aji ba, bai kuma taɓa jin kunyar haka ba. Ya share titunan Paris shekara talatin har ya yi ritaya. Da launi da ƙidayar tasha ya san metro, kuma yakan ce masu digiri ma wurinsa suke tambayar hanya. Amma abin da ya fi tinƙaho da shi ya girmi zuwansa Faransa. A shekarar yunwa, yana saurayi mai dakon buhuna a garinsu, can gabashin Damagaram, ya ga geron agaji yana sauka a rumbun wani attajiri mai suna Bukari. Ya tsaya tsakiyar kasuwa ya faɗa. Aka ɗaure shi shekara biyu da wata huɗu a wani kurkuku cikin rairayi. Su goma sha ɗaya aka kai, su uku suka fito, kuma a can ya baro haƙoransa na gaba gaba ɗaya.

To, yadda muryarsa ta shiga faifai, a wurin wani suna ne a Stains. An ci an sha, aka tsokane shi, ya miƙe ya yi kirari. A cikin masu sauraro akwai Habibou, mutumin Maradi da ya zo karatu Lyon, karatun ya bi ruwa, ya kama kiɗan rege, gashinsa a murɗe har kafaɗa. Yana haɗa faifai a kan masu cin abincin talaka, ya sa masa suna Rumbun Wa? Ya roƙi tsohon ya sake kirarin a gaban na'ura don ya buɗe faifan da shi. Mai Moussa ya gyara riga ya sake:

"Ni ne Mai Moussa ɗan Mamadu na Unguwar Majema, gidan da ke kallon rijiya! Uban Salamatou malamar lakwal! Ni na ga gero ya ɓace da rana tsaka, ni na ce Bukari ɓarawo ne kasuwa na ci! Rami ya haɗiye ni ya kasa taunawa!"

A nan dai dole a yi wa Habibou adalci. Sau biyu yana cewa a cire sunayen, a bar murya da rami da gero. Tsohon ya ƙi. Ya ce shi ba aljani ba ne da za a ji muryarsa ba a san gidansu ba, kuma a garinsu namiji ba ya kirari sai ya kira ubansa, ya kira unguwarsa, ya kira wanda ya kara da shi. In za a yanke ko harafi ɗaya, a ba shi abinsa. Aka bari.

Faifan ya fito ya yi abin da ko mai shi bai zata ba. Wata rediyo a Lyon ta yi ta sa shi, wani ɗan jarida ya rubuta cewa muryar tsohon nan ita ce gaskiyar faifan duka. Ɗalibai suka yi ta musu a kansa, wasu na cewa an daɗe ba a faɗi magana haka ba, wasu na cewa zagin gida daga ƙasar Turawa ba jarumta ba ce. Wani limami ya ce saƙon ya yi, gashin mai saƙon ne bai yi ba. A gida kuwa ba wanda ya tsaya musu. Ta waya faifan ya shiga, daga wannan zuwa wancan, har masu kabu-kabu suka haddace kirarin suna yi wa juna a bakin tasha. Abin da Mai Moussa bai tsaya ya lissafa ba shi ne Bukari ya mutu, amma ya bar ɗa, kuma ɗan nan yanzu shi ne mai faɗa a ji a yankin nasu.

Yana nan tsaye wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce, Rakiya, wadda ke zaune a gidan na Unguwar Majema. Ba ta tsaya gaisuwa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce jiya mutum uku sun zo lakwal, makarantar da take koyarwa, a mota marar lamba sun tafi da Salamatou, wai ita ke sa wa yara waƙar zagin manya. Ba su sha wahalar nemanta ba, ai an faɗa musu unguwa, an faɗa musu gida, an faɗa musu aikinta. An hana kowa ganinta. Allurarta ta ciwon suga tana nan cikin randar sanyi a ɗaki, an kai sau biyu an dawo da ita.

"Yaya," in ji Rakiya, "kai ka nuna musu ƙofa."

Lasifikar Karim ta kai daidai wurin rami da taunawa. Mai Moussa ya ɗaga hannu ya ce a kashe. Karim ya yi zaton wasa ne, ya ƙara murya.

Mutum ɗaya ya sani da hannunsa zai kai can, Malam Abdul'aziz, wanda ke aiki a wata babbar ƙungiyar duniya, kuma matarsa ta haɗa dangi da gidan Bukari. Wannan malamin Mai Moussa ya sha yi masa dariya a bayan ido, yana cewa kwat ta hana shi numfashi. Ranar ya jira shi a bakin ofis har aka tashi cin abinci, hula a hannu. Abdul'aziz bai wulaƙanta shi ba. Ya zaunar da shi, ya yi waya uku yana zagayawa, ya dawo ya faɗa masa abin da ake so. Ba kuɗi ba, ba haƙuri a asirce ba. Ɗan Bukari ya ce a bainar jama'a aka zagi ubansa, a bainar jama'a za a wanke shi. Tsohon zai fito a bidiyo da fuskarsa, ya ce ƙarya ya yi, ba gero, ba kurkuku, tsufa ne ya taɓa masa kai. Kuma a shafin mawaƙin za a sa, inda waƙar ta fito, ba wani wuri ba. In an yi kafin Juma'a, to. In ba a yi ba, za a wuce da ita babban gari, kuma daga nan ko matarsa ba ta da bakin magana.

Mai Moussa ya ce to su takwas ɗin da suka mutu a rairayi fa, su ma tsufa ne? Abdul'aziz ya ce shi dai saƙo ya kawo. Sai ya tambaye shi kwana nawa mai ciwon suga ke yi ba allura. Tsohon bai sani ba. Abdul'aziz ya ce shi ma bai sani ba, kuma ba ya son su sani.

Mai Moussa ya kira Habibou ya fi sau goma, wayar na kashe. Laraba da safe ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Awa biyu ya yi yana kallon gonaki ba ya ganinsu. A tashar Lyon ya nuna wa wata mata takardar da aka rubuta masa adireshin, ta nuna masa taram, jirgin kan titi, mai zuwa unguwar Bron. Ya ƙidaya tashoshi da yatsu kamar yadda ya saba, sai ƙidayar ta kuɓuce masa, ya sauka inda ba nan ba, ya taka sauran da ƙafa, gwiwa na ciwo. Shekara arba'in bai ɓata hanya a ƙasar nan ba sai ran nan.

A ƙarƙashin wani dogon bene ya sami Habibou, cikin wani ɗaki da aka manna wa bangonsa kwalayen ƙwai don kada ƙara ta fita. Suna shirin wasan da za su yi ran Asabar, shi ya sa ya kashe waya. Da ya ga tsohon sai ya tashi da murna, ya ce wa abokan kiɗansa ga mai muryar da kansa, har mai ganga ya rusuna. Da a makon jiya ne, da Mai Moussa ya ba su labarin rairayi tun daga farko. Ya ce a ba su wuri.

Habibou ya saurara har ƙarshe, ya zauna a kan akwatin lasifika ya riƙe kai. Da ya ɗago sai ya shiga kawo dabaru. Akwai lauya, akwai ƙungiyar kare haƙƙi a nan Lyon, akwai ɗan jaridan nan, ran Asabar zai kira sunan Salamatou a gaban mutum dubu, duniya ta ji. Mai Moussa ya ce Asabar tana bayan Juma'a. Ya ce kuma ya san halin gidan Bukari tun kan a haifi Habibou: in aka yi musu ihu sai su ƙara kulle ƙofa, don kada a ce ihu ya buɗe ta. Habibou ya ce to a cire waƙar daga shafin. Tsohon ya ce a cire ta daga bakin masu kabu-kabu kuma?

"Baba, ka san abin da kake roƙo na?" in ji Habibou. "Ni ma ba ni iya komawa gida saboda faifan nan. Shekara uku na yi a kansa. In ka ce ƙarya ka yi, c'est fini, shi ke nan, duk abin da na faɗa a ciki ya zama ƙarya. Kuma ba ƙarya ba ne. Ni na ji shi daga bakinka."

"Kai ka ce a cire suna, na ƙi. Ban zo ɗora maka laifi ba, ɗan nan. Ɗiyata na zo karɓa."

"In mun yi ba su sake ta ba fa?"

"Sai in san na yi."

Habibou ya fita ya daɗe. Mai Moussa yana jin takunsa a waje, yana kai yana kawowa, yana magana da wani a waya da Faransanci, murya na hawa tana sauka. Da ya dawo bai ce ya yarda ba. Ya dai jawo kujera ya ajiye a jikin bango, ya kafa waya a kan ƙarfe, ya ce a zauna.

Nan fa aiki ya gagara. Tsohon ya kalli wayar ya ce, ni ne Mai Moussa ɗan Mamadu, sai ƙirji ya buɗe da kansa, murya ta cika ɗakin. Ya faɗi duk abin da aka ce ya faɗa, bai rage komai ba. Habibou ya mayar masa ya gani. Mutumin da ke cikin wayar yana cewa ƙarya na yi, amma ya yi kama da wanda ya ci kasuwa ya dawo. Suka sake. A na biyu da ya zo kan sunan Bukari sai leɓensa ya karkace, kowa ya gani ya san zagi ne. A na uku ya ce ba a taɓa ɗaure ni ba, ya ɗaga haɓa, kamar mai cewa wa ya isa. Habibou ya ce shi aikinsa ke nan, sauraron murya, kuma wannan muryar ko yaro ba zai yarda ta yi nadama ba. Ɗan Bukari zai ce an sake yi masa ba'a, abin ya fi da muni.

Habibou ya ce masa ya sunkuya. Ya ce ya rage ƙarfi, ya yi magana kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta. Mai Moussa ya gwada, wallahi ya gwada, amma mutumin da ko a rami bai koyi wannan muryar ba, ba a yini ɗaya zai koye ta ba. Sau bakwai suna ɗauka. La'asar ta yi, ya yi salla a kan kwali a gefen ganguna, ya daɗe a zaune bayan ya sallame.

Da ya tashi sai ya cire hular ya ajiye. Ya tuɓe babbar rigar ya bar 'yar shara ta ciki, wadda wuyanta ya saki. Sannan ya juya wa Habibou baya, ya sa yatsu a baki ya zare haƙoran roban da likitan Paris ya yi masa shekara ashirin da biyar da suka wuce, ya naɗe su a hankici. Tun ranar da aka sa masa su ba mahalukin da ya gan shi babu su. Ya juyo. Bakin ya faɗa ciki, kumatu sun zube, haɓa ta matso hanci. Habibou ya kau da kai.

"Ɗauka," in ji tsohon, kalmar ta fito a murguɗe.

Wannan karon ba sai an ce ya sunkuya ba. Harshe na tuntuɓe a dasashi, iska na fita ta inda bai kamata ba, yawu na taruwa a gefen baki. Ya ce shi tsoho ne, kansa ba daidai yake ba. Ya ce bai taɓa ganin gero ya ɓace ba, Alhaji Bukari mutumin kirki ne, ya ciyar da gari a shekarar yunwa. Ya ce ba a taɓa ɗaure shi ba ko na kwana ɗaya, haƙoransa ma jaki ne ya harbe shi yana yaro. Wannan ta jakin ba ta cikin abin da aka umarce shi, shi ya ƙara da kansa, don ya san abin da zai sa a yi dariya a can, kuma ya san dariyar ake so. Ya roƙi gafarar iyalan Bukari. Minti ɗaya da rabi.

Habibou ya daɗe da yatsa a kan wayar kafin ya tura. Bai rubuta komai a ƙarƙashi ba. Ya raka tsohon har tasha, sai da jirgi ya zo ya ce, Allah shi fid da ita, Baba. Mai Moussa ya ce amin.

Kafin ya isa Paris abin ya zagaya. Alhamis rediyon Lyon ta daina sa faifan, masu shirya wasan Asabar suka kira Habibou suka ce a ɗan dakata tukuna. Waɗanda suka ce faifan gaskiya ne suka yi shiru, waɗanda suka ce ba jarumta ba ce suka ce ai mun faɗa. Wasu sun gane abin da ya faru, don ba kowa ne wawa ba, amma ganewarsu a cikin ɗaki ta tsaya. A gidan da Mai Moussa yake haya a Stains, tsofaffin da suka shekara talatin suna jin labarin rairayi suka bi shi da ido a matakala. Wani mutumin Tahoua da suka daɗe ba sa shiri ya tambaye shi, da fara'arsa, ko jakin yana nan da rai. Mai Moussa ya wuce shi. Ya shiga ɗaki ya ajiye waya a kan tabarma ya zauna yana kallonta.

Abdul'aziz ya kira da azahar ya ce an gani, an yi dariya, amma ba a ce komai ba tukuna. Ya kuma ja masa kunne: ko an sake ta, wayar gidan ba tasu ba ce su kaɗai, akwai masu saurare, kuma kalma ɗaya ta isa a koma a ɗauke ta. Alhamis ta wuce. Juma'a ya ƙi zuwa masallaci don kada waya ta yi ƙara yana cikin sahu. Bai ci komai ba sai ruwan shayi.

Bayan an sauko daga masallaci wayar ta yi ƙara, lambar Rakiya. Ya ɗauka, sai ya ji ba ita ba ce. Muryar ta yi laushi ƙwarai, kamar ta wanda ya tashi daga doguwar jinya. Salamatou ta gaishe shi, ta tambayi sanyi, ta tambayi gwiwarsa. Ta ce tana gida, an yi mata allura, ƙafafunta sun kumbura amma likita ya ce za su saɓe. Aikin lakwal dai an ce ta zauna a gida sai an neme ta. Shi kuwa ban da alhamdu lillahi ba abin da yake iya faɗa, yana ta maimaitawa.

Ta ce kafin su sake ta sun nuna mata bidiyon, sau uku, suna dariya. Ta ce ita tun tana ƙarama da labarin nan ta tashi, da shi take tsayawa a gaban kowa, a makaranta ma da shi ake kiranta, ɗiyar wanda ya faɗa a kasuwa.

"Baba, don ni ka faɗi haka, ko? Kurkukun gaskiya ne?"

Mai Moussa ya ji wani ɗan ƙaras a cikin layin. Wataƙila nisa ne kawai, wataƙila ba nisa ba ne. Ya buɗe baki, sunayen mutum takwas suka taso masa har maƙogwaro, a jere, yadda suka mutu.

"Ƙarya ce, ɗiyata," ya ce. "Duk ƙarya ce. Ki sha maganinki."

Sannan ta ce to, Baba, a hankali, ta miƙa wa Rakiya wayar.